Cikin 'Yan Uku: Lafiyar Uwa da Jarirai Jiya da Yau a Unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu

1.0 Gabatarwa

Haihuwar 'yan uku abu ce da ba a cika gani ba, amma duk ranar da ta auku takan jarraba gida da unguwa da asibiti baki ɗaya. Mace ɗaya ce ke ɗauke da rayuka uku ban da nata, kuma kowane haɗari da aka sani a ciki da naƙuda da jego yakan ƙaru a kanta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda makomar irin wannan uwa da jariranta ta riƙa sauyawa daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau, tare da mai da hankali kan Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu.

An zaɓi waɗannan garuruwa ne domin a cikinsu Bahaushiya mai ciki tana zaune kusa da manyan asibitoci, amma nesa da danginta, kuma a tsakiyar mutanen da ba harshenta suke yi ba. Saboda haka batun ya shafi masana harshe kamar yadda ya shafi likitoci. Maƙalar za ta fara da tarihin zaman Hausawa a waɗannan wurare, sa'an nan ta dubi kalmomi da sunayen da suka danganci 'yan uku, da haɗurran da ke tattare da cikin, da sauye-sauyen da aka samu, daga ƙarshe ta nuna gurbin harshe a cikin al'amarin.

2.0 Hausawa a Fatakwal da Anaca da Inugu

Anaca ce ta girmi sauran biyun a hulɗa da mutanen Arewa, domin tun a ƙarni na 19 fataken Nufawa da Hausawa suke bin kogin Kwara suna sauka a bakin ruwanta. Fatakwal da Inugu kuwa garuruwan zamanin Turawa ne. An gano kwal a yankin Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal a 1912 don ta zama tashar fitar da shi, aka kuma haɗa garuruwan biyu da layin dogo a 1916. Da aka buɗe gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi a 1932, sai hanya ta miƙe daga Arewa har bakin teku. Shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarowa, manja yana hawa.

A haka unguwannin Hausawa suka kafu, waɗanda Ibo ke kira Ama Awusa ko Ogbe Awusa. A Anaca akwai su a kewayen Titin Bida da Titin Sakkwato da kasuwannin bakin gada. A Inugu akwai su a Asata da Gariki ta Awkunanaw. A Fatakwal kuwa ana samun su a Diobu, watau Mil Ɗaya da Mil Uku, da kuma Oyigbo a bayan gari. Kowace al'umma tana da Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa waɗannan unguwanni, bayan yaƙi kuma suka sake haɗuwa sannu a hankali.

Abin lura a nan shi ne tsarin gida a ci-rani ya bambanta da na ƙasar Hausa. Sau da yawa miji da mata da 'ya'yansu ne a ɗakin haya ɗaya ko biyu, babu uwa, babu gwaggo, babu kaka. Wannan ne ya sa al'adar goyon ciki, watau komawar mace gidan iyayenta don ta haihu, take da nauyi ƙwarai a wurin waɗannan mata, ko da yake komawar tana nufin tafiyar wuni da kwana a mota.

3.0 Kalmomi da Sunaye

Hausa tana da kalma guda mai zaman kanta ga jarirai biyu da aka haifa tare, watau tagwaye. Kalmar ta yaɗu har zuwa wasu fannoni, shi ya sa ake cewa tagwayen hanyoyi, masu nahawu kuma suna cewa tagwan wasali. Ga jarirai uku kuwa babu saiwa ta musamman. Ana amfani da tsarin 'yan da lamba ne, kamar haka:

(a) 'yan biyu
(b) 'yan uku
(c) 'yan huɗu

Wannan bambanci yana nuna yawan aukuwar abin a rayuwa. Abin da ake yawan gani yakan samu kalmarsa, wanda ba a cika gani ba kuwa akan siffanta shi. Haka abin yake a harshen Ibo, inda ejima ke nufin tagwaye, idan uku ne sai a ƙara lamba a ce ejima atọ.

Sunaye ma sun bi wannan hanya. Tagwaye suna da sunayensu tun kafin a haife su: Hasan da Husaini, ko Hasana da Husaina. Wanda aka haifa bayan tagwaye shi ne Gambo, namiji ko mace. To idan aka haifi uku a lokaci guda, sau da yawa na ukun ne ke karɓar sunan Gambo, wasu kuma sukan zaɓi Muhsin domin ya dace da Hasan da Husaini. Ma'anar wannan ita ce, a tunanin Bahaushe 'yan uku tagwaye ne da ƙari. Yarbawa su ma suna da Taiwo da Kehinde ga tagwaye, da Idowu ga mai bi musu, amma sun ware wa na ukun 'yan uku suna dabam, watau Eta Oko.

Bahaushe yana cewa 'yan biyu kyautar Allah, kuma ya daɗe yana jingina musu wasu baiwowi, kamar cewa kunama ba ta harbinsu, ko suna iya hana tukunya tafasa idan an ɓata musu rai. Akwai kuma al'adar fita bara da tagwaye. Ko mene ne asalin wannan al'ada, tana ɗauke da wata gaskiya ta tattalin arziki, ita ce gida ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyin jarirai da yawa shi kaɗai. A yankin da waɗannan Hausawa suka sauka kuwa, tsohuwar al'adar wasu sassan Ibo da Efik ta ɗauki haihuwar fiye da ɗaya a matsayin abin ƙi, har akan yar da jariran. Aikin 'yan mishan irin su Mary Slessor, wadda ta iso Kalaba a 1876, da dokokin gwamnati, da sauyin tunanin mutanen da kansu, su suka kawar da wannan al'ada, har ejima suka zama abin alfahari.

4.0 Yadda 'Yan Uku Ke Samuwa da Yawansu

'Yan uku suna samuwa ta hanyoyi uku. Ko dai mace ta saki ƙwai uku a wata ɗaya kowanne ya zama ɗa, ko ta saki biyu ɗaya ya rabu gida biyu, ko kuma ƙwai ɗaya ya rabu gida uku, wanda shi ne mafi ƙaranci. Bambancin yana da muhimmanci, domin jariran da suka fito daga ƙwai ɗaya sukan yi tarayya a mabiyiya guda, kuma jini yana iya rinjaya wajen ɗaya ya bar ɗaya. Sakin ƙwai fiye da ɗaya yana ƙaruwa da shekarun mace, da yawan haihuwar da ta yi, da kuma gado ta wajen uwa.

A 1895 wani likita Bajamushe mai suna Hellin ya kawo wani lissafi: idan ana samun tagwaye sau ɗaya cikin haihuwa 89, to za a samu 'yan uku sau ɗaya cikin 89 sau 89, watau kusan 7,900. Wannan adadi na Turai ne. Binciken da Farfesa Nylander ya yi a ƙasar Yarbawa a shekarun 1960 da 1970 ya nuna tagwaye kimanin 45 cikin haihuwa 1,000, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. A 1980 Rehan da Tafida sun buga sakamakon nazarin matan Hausawa a asibitin haihuwa na Katsina, inda suka samu tagwaye kusan 40 cikin 1,000. Idan aka ɗora lissafin Hellin a kan wannan adadi, zai ba da 'yan uku sau ɗaya cikin haihuwa ɗari shida da 'yan kai. Dole a tuna cewa adadin asibiti yakan zarce na gari, domin mai ciki mai wahala ita ake kaiwa asibiti. Duk da haka a bayyane yake cewa likitan Nijeriya yana haɗuwa da 'yan uku fiye da takwaransa na Ingila, tun kafin zuwan magungunan neman haihuwa.

5.0 Haɗurran Cikin 'Yan Uku

5.1 Ga Uwa

Haɗari na farko shi ne ƙarancin jini, domin jarirai uku suna jan sinadarin ƙarfe daga jiki ɗaya. A garuruwa masu yawan ruwan sama irin Fatakwal, inda sauro ba ya yankewa rani da damina, zazzaɓin cizon sauro yana ƙara cinye jinin. Na biyu shi ne hawan jinin masu ciki, wanda kan fara da kumburi da ciwon kai da ganin duhu-duhu, ya ƙare da jijjiga. Yakan zo wa mai 'yan uku da wuri, kuma da tsanani. Na uku shi ne ciwon sukari na lokacin ciki.

A lokacin naƙuda kuwa, da wuya jarirai uku su zo da ka gaba ɗayansu. Wani yakan zo da ƙafa, wani ya gicciye, cibiya tana iya rigan jariri fitowa, mabiyiya kuma tana iya ɓanɓarewa bayan fitar na farko alhali sauran suna ciki. Mafi muni shi ne ɓallewar jini bayan haihuwa. Mahaifar da ta buɗe fiye da ƙima ba ta saurin tsukewa, gurbin da mabiyiya ta bari kuma yana da faɗi. Macen da dama jininta ya yi ƙasa tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu idan ba a tsayar da shi ba.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi jego. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a Zariya, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa mai yawa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Haihuwar fiye da ɗaya tana cikin abubuwan da aka sani suna jawo wannan ciwo. Saboda haka mai jegon 'yan uku da ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya idan ta kwanta, asibiti take bukata, ba ƙarin kanwa ba.

5.2 Ga Jarirai

Babbar matsalar 'yan uku ita ce zuwa kafin lokaci. Cikin ɗa ɗaya yakan kai mako 39 zuwa 40, na tagwaye kimanin mako 36, na 'yan uku kuwa kimanin mako 32. Fiye da tara cikin goma na 'yan uku ba sa cika mako 37. Matsakaicin nauyinsu bai wuce kilo 1.7 ba, watau kusan rabin nauyin jaririn da ya cika wata tara. Mako 32 daidai yake da wata bakwai da rabi a lissafin watan sama, don haka kalmar bakwaini ta dace da yawancin 'yan uku.

Huhun bakwaini bai gama nuna ba, shi ya sa numfashi ke yi masa wuya. Ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, ba shi da ƙarfin tsotso, ƙwayoyin cuta suna saurin kama shi, shawara kuma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wanda ya rayu ma yana iya tashi da lalura. Wani bincike da aka buga a 1993 daga Yammacin Ostireliya ya nuna cewa cikin yara 1,000 da suka kai shekara ɗaya, shanyewar gaɓoɓi ta dalilin taɓuwar ƙwaƙwalwa ta samu ƙasa da 2 a cikin waɗanda aka haifa su kaɗai, da 7 a tagwaye, da 28 a 'yan uku.

6.0 Sauyin da Aka Samu

6.1 Kafin 1970

A wannan zamani ba a sanin 'yan uku ne sai a ranar haihuwa. Ungozoma ko nas tana iya zargin tagwaye idan ciki ya yi girma ainun, amma sau da yawa sai bayan fitar na biyu ake gane da saura. Akwai asibitoci a yankin: 'yan mishan sun kafa na Iyi-Enu kusa da Anaca a 1907, gwamnati kuma ta buɗe na Braithwaite a Fatakwal a 1925. Amma kulle da kunya da rashin sabo sun sa Bahaushiya ta fi haihuwa a ɗaki, ita kaɗai ko da ungozoma a kusa. Babu ma'ajiyar jini ta kirki, tiyata abin tsoro ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta bai wadata ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jaririn da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, abin da ake iya yi masa shi ne a naɗe shi a ajiye kusa da wuta. A irin wannan hali rayuwar dukkan ukun abin mamaki ce.

6.2 Daga 1970 zuwa 1999

Bayan yaƙi aka samu asibitocin koyarwa: na Jami'ar Nijeriya a Inugu a 1970, da na Jami'ar Fatakwal a 1980. A duniya kuma an samu ci gaba masu muhimmanci. Na'urar hoton ciki, wadda Ian Donald ya fara bayyana amfaninta a Gilasgo a 1958, ta fara isowa manyan asibitocin ƙasar nan. A 1972 Liggins da Howie a Niyu Zilan suka nuna cewa allurar da ake yi wa uwa kafin haihuwar bakwaini tana gaggauta nunar huhunsa. A 1995 wani babban gwaji ya tabbatar da cewa magnesiyam salfet ya fi sauran magunguna hana jijjiga dawowa.

Aikin da ya fi haskaka halin matan Hausawa a wannan lokaci shi ne na Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta Jihar Ribas. Ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Daga baya ya koma Jami'ar Fatakwal, har ya shugabance ta daga 1989 zuwa 1992. Babban darasin nazarin shi ne bambancin da ke tsakanin macen da ta yi awo da wadda aka kawo a gaggauce bayan abu ya ɓaci. Yawancin mace-macen a rukuni na biyu suke, kuma mafi yawansu matan da ba su yi karatun boko ba ne. Wannan darasi ya fi shafar mai 'yan uku, domin duk wani taimako da za a yi mata ya dogara ne ga sanin cikin tun da wuri.

Sai dai wannan zamani ya zo da nasa cikas. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa asibitocin gwamnati suka koma karɓar kuɗin magani da na tiyata da na jini, talakawa da yawa suka janye. Ta wani ɓangaren kuma magungunan neman haihuwa da dashen ƙwai, wanda aka fara samun nasararsa a Ingila a 1978, suka ƙara yawan 'yan uku. A Amurka haihuwar uku ko fiye ta tashi daga 37 cikin 100,000 a 1980 zuwa 193.5 a 1998. Da likitoci suka rage yawan ƙwan da suke dasawa, sai adadin ya sauko zuwa 73.8 a 2023. A Nijeriya ƙwayar sa sakin ƙwai da mata ke saya a kemis ba tare da kulawar likita ba tana cikin abubuwan da ke jawo cikin 'yan biyu da 'yan uku.

6.3 Daga 2000 zuwa Yau

Abin da ya bambanta wannan zamani shi ne yawancin hanyoyin ceto masu sauƙin kuɗi ne, kuma an gwada su a asibitocin Nijeriya. A 2006 aka yi wa ƙwayar misofurostol rajista a ƙasar nan don tsayar da jini bayan haihuwa. Gwajin da aka buga a 2017, wanda dubban matan Nijeriya suka shiga, ya nuna allurar turanekzamik tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin sa'o'i uku. A 2023 wani gwaji a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna cewa auna jinin da ya zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a haɗe nan take, ya rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Ga jarirai kuwa, gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya tabbatar da amfanin allurar nunar huhu a ƙasashe matalauta, har da Nijeriya. A 2021 wani gwajin, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga, ya nuna cewa ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa ko wani babba, fata da fata, tun daga haihuwa, ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin ɗari. Wannan shi ne nauyin da yawa daga cikin 'yan uku. A yau ƙa'idar likitoci ita ce a gano cikin da hoto tun wata na uku, a san ko jariran suna tarayya a mabiyiya, a riƙa awo akai-akai, a tanadi jini, sa'an nan a ciro su, galibi ta tiyata, wajen mako na 35 idan ba su riga sun zo ba.

Amma ci gaban bai isa ga kowa daidai ba. Nazarin Monden da Smits na 2017 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara mutuwar tagwaye kafin shekara biyar ta ragu daga kimanin 328 zuwa 213 cikin 1,000 tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da 2014, alhali ta yaran da aka haifa su kaɗai ta ragu da rabi. Idan haka tagwaye suke, 'yan uku sun fi su zama a baya. Haka kuma ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa kimanin kashi 82 cikin ɗari na haihuwa a Kudu maso Gabas a asibiti ake yi, amma a Arewa maso Yamma kashi 16 ne kawai. A nan ne al'adar goyon ciki take zama abin dubawa. Macen da ta bar Inugu da cikin 'yan uku wata bakwai ta nufi ƙauye, tana iya fara naƙuda a hanya, ko ta haihu inda babu jini, babu tiyata, babu kwalba. Abin da ya fi shi ne uwarta ko gwaggonta ta zo ta same ta.

Zama a Kudu ma yana da nasa ƙalubale. Gwamnatin Jihar Inugu ta fara shirin kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta a 2007, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mabukata a 2024, amma jinyar jarirai uku na makonni, da madara, da zaryar asibiti, suna iya cinye jarin ɗan tireda. Lokutan tashin hankali, kamar rikicin Anaca na 2006 da zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a 2021, sun nuna yadda fita neman asibiti ke iya gagarar baƙo.

7.0 Gurbin Harshe

Ma'aikatan asibiti a waɗannan garuruwa suna magana da Ingilishi ko Ibo ko Buroka. Mijin da ke kasuwa yakan ji ɗaya daga ciki, matar da ke gida kuwa sau da yawa ba ta ji. Tafinta yakan zama mijin, ko ɗanta, ko maƙwabci, kuma kunya ba ta barin mace ta faɗi zancen jini da naƙuda a gabansu. Ko an samu tafinta, wasu kalmomi suna da tarko:

(a) Mahaifa tana nufin inda ɗa ke kwanciya, tana kuma nufin mabiyiya. Idan aka ce mahaifa ba ta fita ba, dole tafinta ya san wadda ake nufi.

(b) Zaƙi a bakin ungozoma wani abu ne da ake ganin yana toshe hanyar haihuwa, akan sha saiwoyi don a wanke shi. Idan likita ya ce akwai sukari a jini, aka fassara da zaƙi, mace tana iya komawa ga saiwoyin.

(c) Wata shi ne ma'aunin Bahaushiya, mako shi ne na likita. Ga bakwaini kuwa mako ɗaya yana iya raba rayuwa da mutuwa. Daɗin daɗawa, akwai tsohon zancen da ya bazu a ƙasashe da yawa cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Ba haka abin yake ba, kowane mako da jariri ya ƙara a ciki riba ce.

(d) Aiki, a jimlar an yi mata aiki, yana ɗauke da ma'anar gazawa ga macen da aka yi wa tarbiyyar haihuwa a ɗaki ba tare da ko tari ba. Mai 'yan uku tana bukatar a nuna mata tun da wuri cewa tiyatar da aka shirya ta fi ta gaggawa aminci.

(e) Jijjiga akan danganta ta da iska, a fara da turare da tofi kafin a nemi mota.

(f) Dakashi, watau nonon farko, wasu na matse shi su zubar, alhali shi ne rigakafin farko na bakwaini.

Harshen yana kuma da kalmomin da za a gina a kansu. Goyo abu ne da kowace Bahaushiya ta sani, don haka ɗaura bakwaini a ƙirji ana iya kiransa goyon ƙirji ba tare da aron sunan wata dabbar Ostireliya ba. Tun da uwa ɗaya ba ta iya goyon uku a lokaci guda, kaka da gwaggo da uba duk suna da rawar takawa. Haka nan shayar da ɗan wata abu ne da shari'a ta sani ta kuma tsara hukuncinsa, sai dai a yau ya kamata a gwada jinin mai shayarwar tukuna.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa cikin 'yan uku, wanda a da ba a saninsa sai ranar haihuwa, yanzu ana iya gano shi tun wata na uku, a kuma yi masa shiri. Haɗurran ba su sauya ba: ƙarancin jini, hawan jini, ɓallewar jini, da zuwan jarirai kafin lokaci. Abin da ya sauya shi ne yawancinsu sun samu magani, wasu ma masu araha. Ga Hausawan Fatakwal da Anaca da Inugu asibiti yana kusa, abin da kan shiga tsakani shi ne kuɗi, da tsaro, da al'ada, da harshe.

Na ƙarshen nan yana hannun masana harshe. Akwai bukatar tattara kalmomin ciki da haihuwa daga bakin ungozomomi da masu jego a karuruwan Hausa dabam-dabam, a daidaita su tare da likitoci, a fitar da ƙaramin ƙamus na Hausa da Ibo da Ingilishi don ɗakunan awo. Akwai kuma bukatar horar da mata 'yan unguwa su zama tafintoci, tare da haɗin kan Sarakunan Hausawa da limamai da makarantun Islamiyya na matan aure. Ta haka ne abin da likita ya sani zai isa kunnen mai cikin 'yan uku da harshen da take ji, tun kafin ranar naƙuda.